Kafin Gongola Ya Cika: Yadda Za Ku Haɗa Masanan Garinku, Ku Shirya wa Ambaliya, Ku Sa Hukuma Ta Saurare Ku

A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen yadda damina za ta kasance, sannan kafin ruwa ya sauka hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo da nata hasashen na ambaliya. Aiki ne mai amfani, amma galibi abin da ke isowa kunnen talaka ta rediyo bai wuce sunan jiha da na ƙaramar hukuma ba. A ce maka Yamaltu/Deba ko Nafada ko Funakaye na cikin haɗari, to wane ƙauye? Ta wane lungu ruwan zai shigo, cikin awa nawa, kuma ina za a gudu? Wannan kuwa sai mutanen wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce sanin nasu a baki yake tsayawa, ofis kuma ba ya aiki da abin da bai gani a takarda ba. Ga yadda unguwa ko ƙauye a Jihar Gombe zai tattara abin da ya sani, ya fara kare kansa da shi, sannan ya kai shi teburin da ake yanke shawara.

Mataki na farko: ku nemo masanan, ba masu suna kawai ba

Ku fara tun watan Fabrairu ko Maris, lokacin da kogi ya janye, hankali kuma yake kwance. Kada mutanen su wuce goma sha biyu, in sun fi haka taro zai koma gardama.

Daga ɓangaren gargajiya, ku nemi Sarkin Ruwa ko tsohon masunci, da Sarkin Noma ko manomin fadama da ya daɗe a bakin kogi, da mai haƙar rijiya, da Arɗo ko Jauron rugar da ke kusa. Makiyayi ya san mashayar da take fara ƙafewa da burtalin da ruwa ke yankewa. Mai haƙar rijiya kuwa zai faɗa maka gaba nawa ake yi kafin a taɓa ruwa a kowace kusurwar gari, da inda ƙasa take rufta wa mutum.

Daga ɓangaren boko, kusan babu mazaɓar da za a rasa duba-gari, da malamin gona, da malamin asibiti, da malamin makarantar da ya karanta labarin ƙasa. In kuna da ɗan gari da ke koyarwa a Jami'ar Jihar Gombe, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, ku kira shi. Tsohon ma'aikacin hukumar ruwa da ya yi ritaya ya fi kowa daraja a nan, don ya san inda bututu ya bi, ya kuma san ƙofar kowane ofis.

A sa mata aƙalla biyu ko uku, ungozoma da malamar Islamiyya misali. Su suka san gidan da ke da mai tsohon ciki, da gidan da ke da tsohuwar da ba ta iya tashi, kuma su za su iya shiga gidajen kulle. A sa 'yan agaji na masallaci da matasan coci. Shawarata ita ce kada ɗan takara ko wakilin jam'iyya ya shugabanci kwamitin. Ku gayyace shi ya zauna, amma da zarar an ce kwamitin na wane ne, rabin gari ya juya baya.

Kafin komai, ku je wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya kai ku ga hakimi. Magana kaɗan ta isa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka ne. Muna so mu rubuta inda ruwa ke shigo mana, mu sa alama, don kada bana ya same mu a barci."

Mataki na biyu: ku bi sawun ruwa da ƙafa

Wannan ne zuciyar aikin, kuma ba a yin sa a zaure. Ku fita da safe da littafi, da awon tela ko tef ɗin magina, da fenti, da waya mai kyamara.

Ku sa dattawa a gaba. Kada ku tambayi tsoho "yaya ambaliya take a nan?", don zai ba ku labari mai daɗi wanda ba za a iya aunawa ba. Ku ce masa, "Baba, a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya a jikin wannan katangar?" Zai ɗora hannu a bangon masallaci, ko ya nuna muku gindin tsamiya. Sau da yawa za ku ga alamar da kanta, wani layi mai duhu a jikin siminti, ko inda yaɓen ƙasa ya zube aka sake shi da sabon laka. Ku auna daga ƙasa zuwa wurin, ku rubuta santimita nawa ne, ku ja layi da fenti, ku sa shekara. In tsohon bai riƙe shekarar ba, ku ɗaura ta da wani abu da kowa ya sani: kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996 ne ko bayan nan? Shekarar babbar ambaliyar 2012 ce, ko ta 2022? Ku tambayi mutum biyu ko uku daban-daban kafin ku amince.

A kowane wuri ku ɗauki hoto, ku tura alamar wurin ta WhatsApp zuwa zauren kwamiti domin a sami lambobin taswira. Injiniya a Gombe ko Yola zai iya buɗe wannan alamar a kwamfutarsa ya ga daidai inda kuke nufi.

Ku bambance irin ruwan da ke damun ku, don maganin ba ɗaya ba ne. Garuruwan bakin Gongola ruwan kogi ne ke cin su. Kogin ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Bauchi, ya biyo ta Nafada da yankin Ashaka, ya shiga dam ɗin Dadin Kowa, sannan ya gangara har Numan inda ya haɗu da Binuwai. Saboda haka ana iya kwana uku ba a yi ko yayyafi a garinku ba, kogi ya tumbatsa da ruwan da aka yi a Filato. Shi kuwa birnin Gombe a cikin kwari yake zaune, ruwa na gangaro masa daga tudun yamma da gudu, ƙasar kuma mai yashi ce da ba ta da riƙo. Shi ya sa damuwar birni ita ce ruwan sama mai zuwa farat ɗaya da zaizayar ƙasa mai cin gidaje. Wanda ke ƙasa da dam kuma nasa lissafin daban ne, domin ya danganta da ranar da za a buɗe ƙofofin ruwa. Ba tsoratarwa ba ce: dam ɗin Cham da ke ƙaramar hukumar Balanga ya ɓalle a 1998, na Alau kuma ya mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024.

Da kun dawo, ku zana taswira a babban kwali. A nuna kogi ko kwari, da kwalbatin da ke toshewa, da rijiyoyi, da shaddodi, da makaranta, da asibiti, da tudun da ruwa bai taɓa hawa ba. A ɗauki hotonta a ajiye a wayoyi da yawa, don kwali ba ya jure damina.

Mataki na uku: ku kafa ma'auni

Ku sami ƙafar gada, ko ku kafa ƙarfe mai kauri a cikin kankare a bakin kogi, inda za a iya hango shi daga tudu ba sai an shiga ruwa ba. Ku ja layi kowane santimita 10, ku sa lamba manya-manya. Sai a raba shi kala uku. Kore shi ne cikar kogi ta kowace damina. Ruwan ɗorawa ya fara daga inda ruwa ke soma shiga gonakin fadama. Ja kuma kada ku sa shi daidai inda ruwa ke shiga gidan farko, ku sauko da shi ƙasa yadda zai ba ku isasshen lokacin kwashe yara da dabbobi. Nawa za a sauko? Masunci ne zai faɗa muku saurin da kogin ke hawa, malamin lissafi ya auna.

Ma'aunin ruwan sama ma ba ya buƙatar kuɗi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a ɗora shi a fili nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a lokaci guda a tsoma rula, a rubuta milimita, a zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Wato rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 50, ya zubo da lita 5,000, jarka 200 ke nan ta masu ga-ruwa. Ku ninka wannan da yawan gidajen unguwarku, za ku gane dalilin da ya sa lambatun da aka gina shekara ashirin da suka wuce ba ya iya ɗauka yanzu, tun da filayen da ke shanye ruwa duk sun zama gini.

Mutum biyu za a ɗora wa rubutun, don in ɗaya ya yi tafiya kada littafi ya yi giɓi.

Mataki na huɗu: wa zai kira wa?

Ku je garuruwan da ke sama da ku a bakin kogi ku karɓi lambar mutum biyu a kowanne, ku ma ku ba waɗanda ke ƙasa da ku taku. In kuna ƙasa da dam ɗin Dadin Kowa ko na Balanga, ku je ofishin dam ɗin ku gabatar da kanku, ku roƙi a sa lambobinku cikin waɗanda ake sanarwa kafin a saki ruwa.

A cikin gari a tsayar da alama guda da kowa ya sani: sanarwa ta lasifikar masallaci, ƙararrawar coci, da sanƙira. A yarda tun yanzu cewa wanda ya ga ruwa ya taɓa ja yana da ikon sa a yi shela ko da ƙarfe biyun dare ne, ba sai ya jira dagaci ya farka ba. Wata rana za a yi shela ruwan bai iso ba. Kada a yi wa mai shelar dariya, in ba haka ba gobe zai yi shiru. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Mataki na biyar: ku tsara tashi yadda mutane za su yarda su tashi

Jami'ai kan ce mutanen ƙauye taurin kai gare su, an ce su tashi sun ƙi. Ni ban ɗauke shi taurin kai ba. Mutumin da duk abin da ya mallaka shi ne rumbu ɗaya, da shanun huɗa biyu, da awaki, ba zai bar su ya je ya kwanta a aji ba. Tsarin da bai tanadi wurin dabbobi da hatsi ba, a takarda zai ƙare.

Don haka ku zaɓi tudun da za a koma, ku tabbatar akwai ruwan sha da makewayi, na mata daban. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana. Ku ware inda za a ɗaure dabbobi, ku nemi ɗakin ajiyar hatsi a kan tudu tun kafin watan Agusta, kowane buhu da sunan mai shi. Ku sa matasan da za su yi gadin gidajen da aka bari. Kowane gida mai tsoho ko majinyaci ko naƙasasshe a rubuta sunan mutum biyu da za su ɗauke shi. Takardun gida da na gona, da katin ɗan ƙasa, da takardun makaranta, a naɗe su a leda biyu a rataye inda hannu zai kai cikin duhu.

A gaya wa matasa da masu acaɓa ƙarara: ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Masu kwale-kwale kada su yi lodi fiye da kima, kada su yi fito da dare, kwamiti kuma ya sa rigunan ruwa cikin abin da zai fara nema. A kuma tuna macizai ma tudu suke nema. Wanda kububuwa ta sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya tamau, a hanzarta da shi asibiti. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo sananne ne a duk faɗin ƙasar nan.

Mataki na shida: ruwan sha bayan ruwa ya janye

Sau da yawa amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya, saboda shadda ta cika ta haɗu da rijiya. Duk rijiyar da ruwa ya haura bakinta a ɗaura mata jan ƙyalle, kada a sha sai an yashe ta, duba-gari ya zuba sinadarin kulorin. Mai yasa kada ya sauka sai ya fara zura fitila, in ta mutu babu iskar shaƙa a ciki, kuma kada a kunna janareta a bakin rijiya mutum na ƙasa. Kafin nan a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi ana hanyar asibiti. In mutum biyu ko uku suka kamu a unguwa ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira hukumar NCDC a 6232. Sabuwar shadda kuma a nisanta ta da rijiya da mita 30, ta kasance a gangare.

Mataki na bakwai: ku kai maganar ofishin da ya dace, a watan da ya dace

Nan ne yawancin ƙorafi ke mutuwa. A rubuta wa gwamna doguwar wasiƙa mai cike da kirari da buƙata goma sha biyar, a miƙa wa wani a wurin taro, shi ke nan.

Ku fara sanin mai abu. Kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, kamar Gongola, yana ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya bisa dokar albarkatun ruwa ta 1993, dam ɗin Dadin Kowa kuma yana hannun Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama mai hedkwata a Yola. Kwalbati a kan titin tarayya na ma'aikatar ayyuka ta tarayya ne da hukumar gyaran tituna ta FERMA. Yashe magudanan birni da kwashe shara na hukumar muhalli ta jiha ne, wato GOSEPA. Gini a kan hanyar ruwa na hukumar tsara birane ne. Rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa a karkara na hukumar ruwan karkara ta jiha ne, wato RUWASSA. Babban aikin zaizayar ƙasa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, sai ma'aikatar muhalli da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafa wa jihohin Arewa 19 da Abuja. Shirin gaggawa kuwa hawa uku ne: NEMA da aka kafa a 1999, sai SEMA a jiha, sai kwamitin gaggawa na ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshen shi ya fi kusa da ku, kuma a wurare da dama sunansa kawai ake ji. Ku je wurin ciyaman ku tambayi su wane ne a ciki, yaushe suka zauna, ku nemi a ba mutum ɗaya daga cikinku kujera.

Takardar koken da za ku kai kada ta wuce shafi biyu. Sakin layi na farko ya faɗi wuri da matsala da adadi: gida nawa, gona kadada nawa, santimita nawa ruwa ya hau, a wace rana. Na biyu ya faɗi abin da kuka riga kuka yi da kanku. Na uku ya kawo buƙata, kada ta wuce uku, kowacce a fayyace. "A taimaka mana da maganin ambaliya" ba buƙata ba ce. "A faɗaɗa kwalbatin da ke gabas da makarantar firamare, wanda ya toshe sau huɗu a daminar bara" ita ce buƙata. In kuna da injiniya, ya sa kiyasin kuɗi ya sa hannu. A liƙa taswira da hotuna da kwafin littafin awo, dagaci da hakimi su buga hatimi.

Ku kai kwafi biyu ofishin rajista, akawu ya buga wa naku tambarin karɓa da kwanan wata. Ba tare da wannan tambarin ba, gobe za a ce ba a gani ba. A ba kansila kwafi, a ba ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, a kai wa shugaban kwamitin majalisa mai kula da ruwa da muhalli.

Lokaci kuma shi ne abin da mutane suka fi sakaci da shi. Shekarar kasafin kuɗi daga Janairu take zuwa Disamba, ma'aikatu kuma sukan haɗa buƙatunsu na baɗi ne tun wajen ƙarshen damina, gwamna ya kai majalisa a ƙarshen shekara. Wato daidai lokacin da kuke fama da ruwa a tsakar gida ne ake rubuta abin da za a kashe baɗi. Wanda ya kai kukansa a Janairu ya yi ihu bayan hari. Ku miƙa takardar a Yuli, ku bi ta da sababbin hotuna a Satumba, in an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku tura mutum biyu, ɗaya mai iya magana, ɗaya mai riƙe da alƙaluma. Aikin yashe lambatu kuwa a Maris ko Afrilu ake nemansa.

Akwai dokoki biyu da ya kamata ku riƙe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Da ita za ku iya tambayar yaushe aka yi wa dam binciken lafiya na ƙarshe, ko me aka yi da kason asusun kula da muhalli da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ta biyu ita ce dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Kafin a fara babban aiki kamar dam ko babban titi, ana ajiye rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 domin a yi tsokaci. Ku je ku karanta da masananku. In an ɗora titi a kan hanyar da tsofaffi suka nuna muku ruwa na bi, lokacin faɗa ke nan, a rubuce.

Haka ma in an zo haƙa muku burtsatse. A sassan Akko da Kwami da Dukku ruwa na da nisa ƙwarai a ƙarƙashin ƙasa. Ku nemi a nuna muku sakamakon gwajin ƙasa kafin injin ya fara, ku sa mai haƙar rijiyar garinku ya tsaya a wurin, ku karɓi takardar da ta nuna zurfin da aka yi da inda aka sa famfo. Ita za ta yi wa mai gyara jagora ranar da ya lalace.

In wata guda ya wuce babu amsa, ku sake rubutawa kuna ambaton kwanan watan da ke kan tambarin. In an sake shiru, ku kai gidan rediyo, amma ku je da alƙaluma, ku bar zagi a gida. Jami'in da aka zaga a rediyo zai nemi hanyar kare kansa ne, wanda aka karanta masa lamba kuwa dole ya nemi amsa.

A watan Nuwamba, bayan an kai amfani gida, kwamiti ya sake zama. A kwatanta abin da aka yi hasashe da abin da littafinku ya nuna, a gyara layin ja in ya yi sama ko ƙasa da yawa, a sabunta fenti da lambobin waya. A buga kwafi uku na awon shekarar: ɗaya ga SEMA, ɗaya ga sashen labarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da ku, ɗaya kuma a ajiye a fadar hakimi.